Gargaɗi Kafin Faɗuwa: Na'urorin Hasashen Farfaɗiya da Halin da Ake Ciki a Kankiya da Kusada

Malamin asibiti da ya daɗe yana aiki a karkara yakan gane mai farfaɗiya tun kafin a yi masa bayani. Tabon ƙuna a hannu ko a gefen fuska, haƙorin gaba da ya karye, shatin cizo a harshe, su ne ke fara ba da labari. Ita kanta faɗuwar ba ta cika wuce minti biyu ko uku ba. Mutum ya farfaɗo, barci ya kwashe shi, ya tashi da ciwon kai da gajiya. Abin da ke barin tabo shi ne wurin da ciwon ya ritsa da shi. Mace tana tuƙa tuwo a bakin murhu. Yarinya ta sunkuya tana jan guga a rijiya. Saurayi ya ɗauko fasinja a babur daga Yashe zai shiga Kankiya, a kan titin Kano zuwa Katsina inda manyan motoci ba sa tsagaitawa. Yaro ya bi abokansa wanka a dam ɗin Kusada. Da kowane ɗayansu zai sami labari minti goma kafin abin ya zo, da ya ja gefe ya kwanta a tabarma, ciwon ya zo ya wuce bai bar masa komai ba.

Rashin wannan minti goma ne ke sa a cire yaro daga makaranta, a hana budurwa zuwa biki, a fasa aure bayan an kai kuɗin gaisuwa. Wanda ciwon ke kayarwa sau ɗaya a wata, sauran kwana 29 ɗin ma a cikin fargaba yake yin su.

Damuwar ta daɗe. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin da Ibn Abbas ya ba Aɗa'u ɗan Abi Rabah, na wata baƙar mace mai farfaɗiya da ta kai kukanta wurin Manzon Allah (SAW). An ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna. Ta zaɓi haƙuri, sai dai ta roƙi abu guda: a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ta faɗi. Aka yi mata. Masu wa'azi sun fi tsayawa a kan haƙurinta, kuma ya cancanci a tsaya. Amma duk macen da ta taɓa farfaɗowa a tsakiyar kasuwa, ta tarar mutane sun yi mata zobe, ta san nauyin roƙon nan na biyu.

Yau akwai likitoci da injiniyoyi a Ostareliya da Amurka da Turai da suka shafe shekaru sama da 20 suna neman na'urar da za ta ba da wannan gargaɗi. Sun ci nasara a wasu wurare, sun sha ƙasa a wasu, kuma tallan da ake gani a intanet ya yi wa ainihin binciken nisa.

Mutum nawa ake magana a kai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. A Najeriya, Farfesa Lukman Owolabi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken gida-gida da aka yi a sassan ƙasar, suka fitar a 2019 cewa kimanin mutum 8 cikin kowane 1,000 na da ciwon. Bayan shekara biyu, wani bincike da Dakta Musa Watila ya jagoranta ya kwatanta yankuna uku: Afikpo a kudu maso gabas, Ijebu-Jesa a kudu maso yamma, da Gwandu a Jihar Kebbi. A Gwandu an sami kusan mutum 18 cikin 1,000, fiye da ninki uku na abin da aka samu a kowane ɗayan garuruwan kudu biyun.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada na Jihar Katsina, idan aka haɗa su, mutum kimanin dubu 250. Idan aka auna da ma'aunin ƙasa baki ɗaya, lissafi zai ba da mutum 2,000. Idan kuwa yankin ya fi kama da Gwandu, kamar yadda yanayi da hanyar rayuwa suka yi kama, adadin zai haura 4,000. Lissafi ne na kwatance, kuma a kan ƙidayar da jama'a suka daɗe da zarce ta.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Doguwar naƙuda a gida da ke hana jariri iska a mintocin farko na rayuwarsa, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, buguwa a ka daga haɗarin babur ba hular kwano, shanyewar ɓarin jiki a yara masu sikila. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum sama da dubu 100 a arewacin Najeriya, ta 2017 kuma ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina. An ƙirga waɗanda suka mutu. Waɗanda suka tsira da tabo a ƙwaƙwalwa suna nan cikin gidaje, wasu sun zama magidanta.

Daga Jena zuwa Melbourne

Ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki. Biliyoyin ƙwayoyin jijiya suna aika wa juna saƙo da 'yar ƙaramar wuta, kowace a lokacinta. Farfaɗiya na tashi ne idan tarin ƙwayoyin nan suka saki wutarsu gaba ɗaya, a lokaci guda, fiye da kima. Idan abin ya tsaya a gefe ɗaya, mutum zai iya yin shiru kawai yana kallon wuri guda, ko ya riƙa tauna baki, ko ya ji wani wari da ba kowa ke ji ba. Idan ya mamaye ƙwaƙwalwar duka, sai a ga faɗuwa da sanƙarewa da jijjiga da kumfar baki.

Wani likitan Jamus a birnin Jena, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar wannan lantarki daga kan ɗan Adam a 1924, ya wallafa sakamakonsa a 1929. Awon da ya ƙirƙiro shi ne likitoci ke kira EEG: a manna wayoyi kusan 20 a fatar kai, na'ura ta zana layuka. Matsalarsa ita ce gajarta. Mutumin Rimaye ko Mawashi da aka tura awon nan zai bar gonarsa, ya biya kuɗin mota zuwa Katsina ko Kano, a ɗaura masa wayoyi na rabin awa, kuma sau da yawa layukan su fito lafiya lau, domin ciwon bai tashi a cikin wannan rabin awar ba.

Saboda haka masu bincike suka ce a bar na'urar a jikin mutum dare da rana. Gwajin da ya fi shahara an yi shi ne a Melbourne, ƙarƙashin Farfesa Mark Cook, aka wallafa shi a mujallar Lancet Neurology a 2013. Mutum 15 da magani ya kasa tsayar musu da ciwo aka yi wa tiyata, aka shimfiɗa wayoyi a saman ƙwaƙwalwarsu ƙarƙashin ƙoƙon kai, aka haɗa su da wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji. Ita kuma tana aika saƙo zuwa wani akwati da ake riƙewa a hannu, mai fitilu uku. Shuɗiya na nufin hankali kwance, fara na nufin tsaka-tsaki, ja kuwa a yi hattara. A wajen wasu daga cikin majinyatan jar fitilar ta riga kusan kowace faɗuwa zuwa; a wajen wasu ba ta tsinana abin kirki ba. Amma an tabbatar da abin da da yawa ke shakka: ƙwaƙwalwa tana canza yanayi kafin ciwon ya bayyana, kuma kwamfuta na iya koyon gane wannan canji a kan kowane mutum daban.

Ƙarshen labarin bai yi daɗi ba. Kamfanin da ya ƙera na'urar, NeuroVista, kuɗinsa suka ƙare, aka ce kowa ya dawo a cire masa. Cikinsu akwai wata mata da ciwon ya kama tun tana 'yar shekara uku. Da na'urar ta koyi shan magani da zarar ta ga ja, ta fara fita ita kaɗai ba tsoro. Ita da mijinta har sun nemi jinginar da gidansu don a bar mata ita, bai yiwu ba. Duk wanda zai kawo wa talakan Kusada wata sabuwar na'ura da sunan gwaji, wajibi ne a fara tambayarsa abin da zai faru ranar da kuɗin aikin suka ƙare.

Agogon da ke ƙararrawa, da wanda ake jira

Ba kowa zai yarda a buɗe masa kai ba, don haka hankali ya koma kan abin ɗaurawa. A nan ne mai saye ke bukatar buɗe ido, domin abu biyu ake cakuɗawa. Akwai na'urar da ke gane cewa ciwo ya riga ya tashi, ta kira 'yan uwa. Akwai kuma wadda za ta faɗa kafin ya tashi. Ta farko tana kasuwa. Ta biyu har yanzu tana hannun masu bincike.

Agogon Embrace na kamfanin Empatica na cikin rukunin farko. Asalinsa daga ɗakin binciken Farfesa Rosalind Picard ne a jami'ar MIT, inda ake auna yadda zufa ke canza lantarkin fata don fahimtar damuwar yaran da ba sa iya faɗin abin da ke ransu. Wani ɗalibinta ya ari na'urar ya ɗaura wa ƙanensa lokacin hutu, sai aka ga layin hannu ɗaya ya yi wani irin tashi da ba a taɓa gani ba. Da aka bincika, tashin ya zo ne dab da lokacin da farfaɗiya ta buge yaron. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da agogon ga manya, a 2019 ga yara daga shekara shida. Yana jin jijjigar hannu da canjin fata, ya aika saƙo ta waya zuwa ga wanda aka zaɓa. A Holan kuma akwai NightWatch, wanda ake ɗaurawa a damtse da dare yana bin bugun zuciya da motsi. A gwajin da aka wallafa a 2018 ya kama kimanin kashi 85 cikin 100 na manyan faɗuwar dare.

Amfaninsu ba ƙarami ba ne. Akwai mutuwar fuju'a da ke ɗaukar kusan mutum ɗaya cikin manya 1,000 masu farfaɗiya a kowace shekara, galibi da dare, galibi a sami mutum ya kifa fuska a shimfiɗa. Idan wani ya farka ya juya shi, sau da yawa numfashi na dawowa. Sai dai ba ɗayansu da ke ba da minti goman da mai tuƙa tuwo take bukata, kuma ƙananan faɗuwa marasa jijjiga sukan wuce su.

Wanda ya fi kusantar burin shi ne binciken asibitin Mayo na Amurka, ƙarƙashin Benjamin Brinkmann, da aka wallafa a 2021. Mutum shida suka ɗaura abin hannu na tsawon watanni yana auna bugun zuciya da zafin fata da zufa da motsi, ƙirƙirarriyar basira tana nazarin bayanan. A wajen biyar daga cikinsu hasashen ya fi canki-canka, da gargaɗin kusan rabin awa. Abin farin ciki ne, amma mutum shida ne, kuma fin canki-canka bai kai a ce wa mai babur ya dogara da shi ba. Na'urar da ke yawan ƙararrawar ƙarya kan ƙare a cikin akwati. Wadda kuma ta ce lafiya lau alhali ba lafiya ba, ita ce mafi haɗari, domin ita za ta tura yarinya bakin rijiya da ƙwarin gwiwa.

Tsakanin agogo da buɗe ƙoƙon kai akwai hanya ta uku, siririyar waya da ake turawa ƙarƙashin fatar kai ta bayan kunne. Kamfanin UNEEG na Denmak yana da irinta, haka Epiminder na Ostareliya wanda Mark Cook ya kafa bayan rushewar gwajin farko. Na'urarsa mai suna Minder ta sami amincewar Amurka a Afrilun 2025, a matsayin abin sa ido na watanni da shekaru. Izinin bai haɗa da hasashe ba.

Lissafin da uwaye suka riga yi

A gidaje da yawa za a ji uwa ta ce ciwon ɗanta da tsayuwar wata yake tashi, ko kuwa idan wata ya yi nisa. Likitoci sun daɗe suna jin wannan suna kawar da kai. Binciken shekarun nan ya nuna uwar ta lura da wani abu na gaskiya, ko da dalilin da ta ba shi bai yi daidai ba.

A 2018 Maxime Baud da abokan aikinsa a San Francisco suka duba bayanan mutum 37 da ke ɗauke da na'ura a cikin kai tsawon shekaru. Suka tarar lantarkin ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya yana hawa yana sauka bisa wani zagaye na kwanaki, mafi yawa tsakanin kwana 20 zuwa 30, kuma faɗuwa ta fi taruwa a lokacin da zagayen ke hawa. Maza ma suna da shi, ba mata masu al'ada kaɗai ba. Kowa da nasa zagayen, ba ya bin watan sama. A shekarar kuma Philippa Karoly a Melbourne ta sami irin wannan a rubutattun bayanan mutum sama da 1,000: wasu da asuba ciwonsu ke tashi, wasu mako-mako, wasu wata-wata. A 2021 wani binciken ya nuna ana iya amfani da zagayen nan a ƙiyasta haɗari har kwana uku gaba, kuma ƙiyasin washegari ya fi canki-canka a wajen kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka gwada.

Wannan ya sauya tunanin masana. Da yawansu sun daina neman na'urar da za ta ce ƙarfe kaza za ka faɗi, sun koma neman wadda za ta ce yau da gobe haɗari ya yi yawa. Manomin Tafashiya ya san irin wannan ilimi: idan hadari ya haɗo daga gabas ba ya rantsuwa cewa za a yi ruwa, amma yana kwashe shanyar da ke tsakar gida.

Ga mutanen Kankiya da Kusada, wannan reshe na binciken ya fi kowanne alfanu, domin somin-taɓinsa ba ya bukatar batir. Littafin rubutu na ɗan firamare ya isa: ranar da aka faɗi, da wane lokaci, an sha magani ko an tsallake, an yi barci sosai ko an kwana wurin biki, akwai zazzaɓi ko babu, ga mace kuma ranar al'ada. Rubutun yana da rauni, gwajin Melbourne ma ya nuna majinyata da yawa ba sa sanin duk faɗuwar da suke yi, musamman ta cikin barci. Amma a gidan da mutane ke cike, babbar faɗuwa ba ta ɓuya. Bayan wata shida malamin asibiti zai iya duba littafin ya ga ko akwai tsari, ya san ko maganin na aiki, iyali kuma su san makon da za a karɓar wa Inna girki.

Idan agogon ya iso Kankiya

A ce yau an kawo shi. An sayar da Embrace a kan kimanin dala 250, ban da kuɗin rajista na kowane wata. A canjin naira 1,500 da aka gani a 2024, wannan ya haura albashin wata biyar na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Yana bukatar babbar waya a kusa da shi kullum, da data, da caji. Mutanen yankin ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan lantarki ta bar arewa cikin duhu fiye da mako guda, masu shagon cajin waya suka zama abin nema. Ba su manta da 2021 ba, da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, saboda matsalar tsaro.

Akwai kuma tambayar jiki da yanayi. Na'urar da ke karanta zufa da bugun zuciya an horar da ita ne a kan mutanen da ke zaune a ɗaki mai sanyi. A watan Afrilu zafin Katsina yakan haura digiri 40. Hannun da ke daka a turmi, ko sussukar gero, ko riƙe kan babur a hanyar da ba kwalta, jijjiga yake yi ta awanni. Sai an gwada agogon a kan irin waɗannan hannaye kafin a san sau nawa zai tayar da hankalin gida a banza.

Wani abu ma ya fi wannan. An ƙera ƙararrawar dare ne don ƙasashen da mutum ke kwana shi kaɗai a ɗaki. A Kofa ko Gachi da wuya yaro mai farfaɗiya ya kwana ba kowa a gefensa. Farkawa ba ita ce matsala ba, abin da ake yi bayan an farka ne. Har yanzu akwai masu tura cokali a baki har haƙori ya karye, masu ɗura ruwa ko jiƙo ga wanda ba ya cikin hayyacinsa har ya shaƙe, masu danne shi da ƙarfi, da masu ja da baya don tsoron kada yawunsa ya taɓa su. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Abin da ake bukata kaɗan ne: a janye shi daga wuta ko ruwa, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a sassauta masa wuyan riga, a juya shi ya kwanta ta gefe, a suturta shi, a duba agogo. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, asibiti ne nan take.

Fasahar da ta fi kusa da amfanar yankin ita ce ta gano ciwon tun farko. A asibitin Ignace Deen da ke Konakiri a ƙasar Gini, tawagar Dakta Farrah Mateen ta gwada wata hula mai wayoyi 14 da ake haɗawa da ƙaramar kwamfutar hannu, a ɗauki awon, a tura wa ƙwararru a wata ƙasa su karanta. Ba ta kama duk abin da babbar na'ura ke kamawa ba, amma idan ta nuna alama akasari gaskiya ne. A jami'ar Carnegie Mellon kuma wata ɗaliba, Arnelle Etienne, ta lura cewa wayoyin awon ba sa zama da kyau a gashin baƙar fata, sai ta ƙera wasu da ake maƙalawa a tsagar kitso. Irin wannan hula a Babban Asibitin Kankiya za ta rage wa mutane da yawa tafiya Kano.

Ƙwayar da ba ta isa gida ba

Na'urorin gargaɗin nan an yi su ne don kashi 30 cikin 100 na majinyata, waɗanda aka ba magani daidai ya ƙi yi musu aiki. Sauran kashi 70, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, za su iya daina faɗuwa kwata-kwata da magungunan da aka sani tun da daɗewa: phenobarbital, carbamazepine, valproate, da levetiracetam da hukumar ta ƙara cikin jerin muhimman magunguna a 2023. Ta ce mafi arha daga ciki bai wuce dala 5 a shekara ba. Amma binciken da ya haɗa da Gwandu ya tarar sama da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun magani yadda ya kamata. Wanda bai taɓa shan ƙwaya ba, ba gargaɗi ne bukatarsa ta farko ba.

Wani ɓangare na gibin daga fahimta yake. A binciken da likitocin Kano suka yi a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, wanda aka wallafa a 2005, kusan rabin waɗanda aka tambaya sun fi karkata ga maganin malamai fiye da na asibiti. Ba a bukatar faɗa da imanin mutane don gyara wannan. Ibnul Ƙayyim da kansa, a bayaninsa kan magungunan Annabi, ya kasa ciwon gida biyu, ya ce akwai wanda ke tasowa daga jiki, wanda likitoci ke magana a kai. Malamin da ya yi tofi sannan ya ce wa uba, "Malam, ka kai yaron nan asibiti, addu'a kuma ba za mu fasa ba," ya yi aikin da allon talla ba zai yi ba.

Ɗaya ɓangaren kuwa aljihu ne da kanti. Maganin farfaɗiya kullum ake sha, shekara da shekaru, kuma yanke shi farat ɗaya na iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa. Uba ya sayi na mako biyu a kemis, yaro ya yi sauƙi, kuɗi su ƙare, ciwon ya dawo da ƙarfi, sai a yanke hukunci cewa maganin asibiti ba ya yi. Faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ƙara tsananta lamarin. Mata kuma suna da tasu matsalar: valproate na iya cutar da ɗan tayi, don haka budurwar da ake shirin aurarwa tana bukatar wanda ya san aikin ya duba maganinta tun kafin ta sami ciki, ba ta daina sha a ɓoye don tsoron dangin miji ba.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Wannan ne ya sa Asibitin Malam Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka ƙaddamar da gwajin da ake kira BRIDGE, ƙarƙashin Edwin Trevathan da Aminu Taura Abdullahi da Muktar Aliyu, a ƙananan asibitoci 60 na Kano da Kaduna da Zariya. An horar da ma'aikatan lafiyar al'umma su tantance yara da tambayoyin da aka tsara da Hausa, su gane nau'in ciwon, su ba da magani, su bibiyi yaron, su tura mai wuya gaba.

Irin waɗannan ma'aikata a Kankiya ake yaye su. Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya Iro ta daɗe tana fitar da matasan da ke riƙe da asibitocin ƙauyukan jihar, kuma Jihar Katsina na da mazaɓu 361 da gwamnati ke son kowace ta sami asibiti mai aiki. Idan aka shigar da darasin farfaɗiya irin na BRIDGE cikin karatun makarantar, aka sa magunguna biyu ko uku cikin waɗanda hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar ke biya, aka buɗe rajistar masu ciwon a kowace mazaɓa, to an sami harsashin da kowace na'ura za ta hau kai daga baya. Masu binciken hasashe ma sai da irin wannan rajista za su iya gwada agogonsu a kan mutanen da ke noma cikin rana suna girki da itace. A Mayun 2022 ƙasashen duniya suka amince a Geneva da wani shiri na shekara goma, wanda ya ɗora wa kowace ƙasa ƙara yawan masu farfaɗiyar da ke samun kulawa da kashi 50 cikin 100 kafin 2031. Najeriya na cikin ƙasashen da alƙawarin ya hau kansu, kuma a Kankiya da Kusada za a iya fara ƙirgen daga asibitin mazaɓa, da littafi ɗaya da malamin asibiti ɗaya da aka horar.